Walda ko ribit: mi ke riƙe fiffiken jirgin sama da aka haɗa a gida?

Wai shin yaron da ya iya walda, ya samu kwanon alminiyam da injin mota, zai iya haɗa jirgin da mutum zai shiga ya tashi ya sauko lafiya? Tambayar da ke dawowa kenan duk sanda aka nuno wani matashi a arewa ya ƙera jirgi a ƙofar gidansu. Tun 2007 da wani ɗalibin Jami'ar Bayero a Kano ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic, har kafafen labarai na waje suka ɗauka, ake wannan gardamar, kuma har yau in ka zauna majalisa a Ƙofar Ƙaura ko bakin tasha a Daura maganar ta taso, gida biyu ake rabuwa. Wasu su ce gwamnati ce ta ƙi taimakon yaranmu, da a Turai ne da tuni sun zama wani abu, wasu kuma su ce wasan yara ne kawai, abin da ba zai tashi ba.

Ni abin da ke damuna shine duka ɓangarorin biyu injin suke kallo, ya tashi ko bai tashi ba, farfela ta juya ko ba ta juya ba. Ba mai tambayar da mi aka haɗa fiffiken. Alhali injin in ya mutu a sama ƙaramin jirgi na iya lulawa a hankali matuƙi ya nemi fili ya sauka, amma fiffike in ya cire babu wata dabara da ta rage. Kuma fiffiken jirgin alminiyam, ƙananan ƙusoshi ne da ake kira ribit ke riƙe dashi, dubbai, kowace da ƙa'idarta.

Nauyin da fiffike ke ɗauka a sama

In ka buɗe fiffiken ƙaramin jirgi abu uku za ka gani. Akwai ƙashin baya, dogon ƙarfen da ya taso daga jikin jirgi har ƙarshen fiffike, shi ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Akwai haƙarƙari da aka jera a kansa, su ke ba fiffiken siffarsa. Sai fata, wato siririn falle na alminiyam da aka lulluɓe su dashi. Mutane da yawa sun ɗauka fatar nan rufi ce kawai don iska, a'a, ita ma tana ɗaukar kaya, musamman murɗawar da iska ke yi wa fiffike, shi ya sa dole a ɗinke ta da haƙarƙari da ƙashin baya yadda duk za su zama abu guda. Kaurin fatar nan a ƙananan jirage bai kai milimita 1 ba, yawanci 0.6 ne ko 0.8.

To ga lissafi. A ce jirgi mai ɗaukar mutum biyu, da shi da mai da mutanen duka kilo 750 ne. In yana tafiya miƙe, fukafukan biyu kilo 750 suke ɗauke dashi. Amma in ya yi kwana mai tsanani ko ya faɗa guguwa nauyin ninkuwa yake, kuma ƙa'idar da aka daɗe ana bi a ƙananan jirage ita ce fiffike ya jure ninki 3.8 ba tare da ya lanƙwashe ba, wato kilo 2,850 kenan, sannan a ƙara rabin hakan a kai kafin ya karye, kilo 4,275. Wannan duk a kan fatar da za ka iya lanƙwasawa da hannunka in tana ita kaɗai. Abin da ya ba ta ƙarfi shine irin alminiyam ɗin da kuma yadda aka haɗa ta.

Mi ya sa ba a yi masa walda

Nan ne mutanenmu suka fi yin mamaki, don a wajenmu walda ita ce ƙarshen ƙarfi, ƙofa walda, gado walda, bodin tifa walda. Kuma gaskiya ne walda na da wurinta a jirgi, kada masu walda su ji kamar an kore su. Mazaunin inji da ƙafafun sauka a jirage da yawa bututun ƙarfe ne na musamman mai lamba 4130 da aka yi wa walda, kai tsofaffin jirage irin Piper Cub gangar jikinsu gaba ɗaya bututu ne na walda aka lulluɓe da yadi.

Amma fiffiken alminiyam daban ne. Alminiyam zalla, irin na tukunya, laushi gare shi. Wanda ake jirgi dashi gauraye ne, wanda aka fi sani shine 2024-T3 mai haɗe da jan ƙarfe, sai 6061-T6, kuma wannan T ɗin da lambar bayanta na nufin an gasa shi an sanyaya shi bisa wani tsari a masana'anta har ya yi ƙarfi. 2024-T3 ya ninka alminiyam zalla mai laushi ƙarfi wajen sau biyar. To da zarar ka kai masa wutar walda ka rushe wancan gashin da aka yi masa, gefen waldar ya koma laushi, shi 2024 ma tsagewa yake yi wajen hucewa, shi ya sa ba a lissafa shi cikin waɗanda ake wa walda ta yau da kullum. Ga kuma fata mai kaurin milimita 0.6, zafi kaɗan ta kumbura ta karkace. Sannan waldar da ta yi kyau a ido ba ka san abin da ke cikinta ba, ita kuwa ribit kowace ɗaya ana iya dubata a auna, wadda ta lalace a cire a sa wata.

Kwanon rufi kuma, ko da na alminiyam ne mai tsada, don ruwan sama da rana aka yi shi, ba shi da wannan ƙarfin, kuma ba shi da lambar da za ka bi ka san mi ke cikinsa. Fallen jirgi na gaske in ka duba za ka ga an buga masa lambarsa da kaurinsa a jiki, layi-layi.

Ribit ɗin ma iri-iri ne

Wadda kowa ya sani a nan ita ce ta masu tagar alminiyam, wadda ake sawa a bakin filaya a matsa a matsa sai ka ji ƙas, tsinken ya katse. Wannan ta shago cikinta rami ne, guntun tsinken da ya rage a ciki ba abin da ya kulle shi, jijjiga kaɗan ya faɗo ya bar bututu fanko. A taga ba komai, taga ba ta zuwa ko'ina. A fiffike kuwa inda fallaye biyu ke ta son zamewa juna, bututu fanko ba zai riƙe ba.

Asalin ribit ɗin jirgi cikakkiya ce, ba rami, gajeriyar ƙusa mai kai ɗaya, sai an sa ta a rami an daddale ɗaya bakin ya zama kai na biyu. Iri biyu aka fi amfani dasu, AN470 mai kai a tashe kamar rabin ƙwallo, da AN426 mai kai shafaffe wanda ke nutsewa ya yi daidai da fata don iska ta wuce sumul. In ka ga an rubuta AN426AD3-4 kowane yanki da ma'anarsa, AD na nufin gaurayen 2117, lamba 3 kaurinta ne wato 3/32 na inci, milimita 2.4 kenan, lamba 4 kuma tsawonta 4/16 na inci. Kuma ana gane ta da ido, irin AD na da ɗan ɗigon rami a tsakiyar kanta. Wadda kanta ke sumul ba alama, irin A ce, alminiyam zalla mai laushi, tana da daɗin bugawa sosai kuma wannan daɗin ne haɗarinta, ba a sa ta a inda ke ɗaukar nauyi. Akwai ma wata irin DD da sai a firiza ake ajiye ta bayan an gasa ta, in ta zauna a waje sai ta taurare ta ƙi buguwa. Alhamdu lillahi mai haɗa ƙaramin jirgi ba ya buƙatarta, da yanayin wutarmu da an sha wahala, AD a aljihu ma sai ta shekara ba abin da ya same ta.

Amma kada a ce na ce duk ribit ta ja, wato mai tsinken nan da ake ja da filaya, haramun ce a jirgi. Akwai masu kyau. Wata da ake kira CherryMAX na kulle tsinkenta a ciki, ana sa ta inda hannu ba ya shiga ta baya. Kuma akwai jiragen da tun daga zane da ribit ta ja aka tsara su, kamar na kamfanin Zenith da Chris Heintz ya zana, irin CH 701, da na kamfanin Sonex, da RV-12 na kamfanin Van's. Bambancin shine mai zanen ya san ƙarfin ainihin ribit ɗin da ya zaɓa, ya lissafa yawanta da tazararta a kan haka. Kai ba ka da ikon ka ɗauki zanen da aka yi don cikakkiyar ribit ka cika shi da ta shagon kayan gini don ta fi sauƙi.

Ramin ya fi ƙusar wahala

In da abu ɗaya ne zan so kowane yaro mai wannan sha'awar ya riƙe to wannan sashen ne. Bugun ribit daƙiƙa biyu ne ko uku, shirya raminta shine aikin.

Na farko girman rami. Ribit mai milimita 2.4 bakin dirila mai lamba 40 ake huda mata, wajen milimita 2.5, ita kuma mai 3.2 lamba 30. Ɗan sararin nan kaɗan ne da gangan, don in an buga ta jikinta ya kumbura ya cika ramin tam, wannan cikawar ce ke hana fallayen motsi. Rami in ya yi faɗi ko ya zama kamar ƙwai saboda hannu ya karkata, ribit ba za ta cika shi ba, a sama kuma za ta riƙa motsi kaɗan-kaɗan tana cin ramin, har ka ga wani baƙin layi kamar hayaƙi na fitowa daga bayan kanta. Injiniyoyin jirgi in sun ga wannan baƙin layin sun san ribit ta saki. Kuma ba a huda da ƙusa da guduma yadda ake wa kwano, wannan yaga ƙarfe yake.

Na biyu wurin ramin. Daga tsakiyar rami zuwa bakin falle kada ya gaza kaurin ribit sau biyu, ga mai 2.4 wajen milimita 5 kenan, in ya gaza haka bakin zai iya yagewa. Tsakanin ribit da 'yar uwarta kuma kada ya gaza sau uku, don haka mai ganin in ya cika ƙusoshi kusa-kusa ya ƙara ƙarfi, a'a ya mayar da wurin layin yagewa ne. Alama ma ba a sa ta da fensir ko a karce da ƙusa, baƙin fensir na jawo wa alminiyam tsatsa, karce kuma mafarin tsaga ne, alƙalamin maka mai siririn baki ake amfani da ita.

Sannan akwai kiliko, wasu 'yan maƙalai masu sifirin da ake sawa a ramuka da filayarsu ta musamman su riƙe fallayen na wucin gadi. Fiffike guda sai ya ci ɗaruruwansu. Za a haɗa komai da kiliko, a huda fata da haƙarƙari tare don ramukan su dace, sai kuma a wargaza duka, eh duka, a bi kowane rami gaba da baya a kankare ɗan kaifin da dirila ta bari, a share ɓurɓushin ƙarfe da ƙura daga tsakanin fallayen, wanda a hunturun Katsina sai an yi da gaske, a shafa fenti mai hana tsatsa in za a shafa, sannan a sake haɗawa. Mutum zai ce wannan ai ɓata lokaci ne, rami dubu nawa. To ka tuna mai sayar da yadi a kasuwa, ba ya yanka atamfa da almakashi har ƙarshe, ɗan tsagi yake yi a baki sai ya ja, yadin ya tafi ƙyaaat. Ƙarfe ma haka yake, fiffike na lanƙwasuwa sama da ƙasa sau ba adadi a rayuwarsa, kuma duk inda aka bar ɗan tsagi a bakin rami daga nan gajiyar ƙarfe ke farawa, a hankali, ba a gani, sai ranar da ta kai.

In shafaffiyar ribit za a sa akwai ƙarin aiki, sai an yi wa kanta wurin zama mai kusurwa digiri 100. A falle mai kauri ana ƙwaƙule bakin ramin da wani abin yanka mai geji. A siriri kuwa, wanda bai kai milimita 1 ba, ba a ƙwaƙulewa, lotsa shi ake yi tsakanin wasu ƙarafa biyu mace da namiji ya loɓa ciki. Dalili, in ka ƙwaƙule siririn falle yankan zai cinye kaurin duka, bakin ramin ya zama kamar wuƙa, ba abin da ribit za ta dafa, kuma tsaga ta samu wurin farawa.

Yadda ake bugawa

Tsawon ribit shine kaurin fallayen da za ta ratsa, a ƙara kaurinta sau ɗaya da rabi. Misali fata 0.8 da haƙarƙari 0.6 da ribit mai 2.4, kana neman mai tsawon wajen milimita 5. Ta yi tsawo sai ta kwanta gefe, ta yi gajarta kan ba zai isa ba.

Inda bakin falle ke kusa, matsewa ake yi da wata babbar filaya mai siffar C, ta hannu ko ta iska, ita ta fi fitar da aiki iri ɗaya kuma ba ta son wuta in ta hannu ce. Amma tsakiyar fatar fiffike filaya ba ta kaiwa, sai bindigar iska da kwamfuresa, kuma aikin mutum biyu ne. Ɗaya na waje ya dafa bakin bindigar a kan ribit, a miƙe sosai, ɗaya kuma ya zura hannu ta cikin ramukan haƙarƙari yana riƙe da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi mai santsin fuska, ya tokare wutsiyar ribit ɗin, sau da yawa ba ya ma ganin abin da yake yi, da yatsu yake lalube. Na waje ya ce “ka shirya?” na ciki ya ce “buga oga”, sai ka ji trrrt, shi kenan. In ƙara ta hana jin magana akwai ishara da aka saba, na ciki ya ƙwanƙwasa sau ɗaya a ƙara bugu, sau biyu ta yi, sau uku ta lalace a sa mata alama. Abin lura bindigar kan ribit take bugu amma ƙarfen tokarar ne ke daddale wutsiyar, in na ciki ya saki hannu ko ya zame, fatar ce za ta sha bugun ta loɓa, in kuma na waje ya karkata bakin bindigar zai sari fata ya bar tabo kamar jinjirin wata a gefen kan.

Kan da aka samar ta baya shima da ma'auninsa, faɗinsa kaurin ribit sau ɗaya da rabi, tsayinsa rabin kaurinta, ga mai 2.4 faɗi 3.6 tsayi 1.2 kenan, kuma akwai ɗan geji na ƙarfe da ake gwadawa dashi. Ribit tana taurarewa ne yayin da ake bugunta, shi ya sa ake son a gama da ita a bugu kaɗan masu ƙarfi, in aka yi ta ƙwanƙwasa a hankali sai ta taurare kafin ta cika ramin, in aka wuce gona da iri ta baje kamar kwabo ta tsattsage. Wadda ta lalace kuma ba a sa kurfi a sare ta, kan kawai ake hudawa daidai zurfinsa, a sa tsinke a karya shi, a tura sauran ta fita, don kada ramin ya ƙara faɗi. Masu aikin ma sukan ce wani lokaci ribit mai ɗan muni da aka bari ta fi ramin da aka ɓata wajen cire ta, sai mai ido ya duba ya yanke hukunci. Dan Allah kuma a toshe kunne, ƙarar nan na kashe ji.

Jirgi mai mutum biyu irin RV na Van's ribit ɗinsa sun haura 10,000, kuma haɗa shi a gida na cin awa 1,500 zuwa 2,000 ko fiye, shi ya sa ake shekaru ana yi.

Inda aka yi sakaci

Ba ƙananan masu haɗawa a gida kaɗai abin ke kamawa ba. Ranar 12 ga Agusta 1985 jirgin Japan Airlines samfurin Boeing 747 ya faɗi mutum 520 suka rasu, bincike ya gano gyaran da aka yi wa bangon bayansa shekara bakwai kafin nan ne ba a yi daidai ba, inda ya kamata layi biyu na ribit su ɗauki nauyi aka bar layi ɗaya na ɗauka. A 1988 kuma rufin wani Boeing 737 na Aloha Airlines ya yaye a sama a Hawaii, ma'aikaciya ɗaya ta rasu, tsagar daga ramukan ribit ta faro, irin ramukan nan masu bakin wuƙa da na faɗa, bayan gam ɗin da ke tsakanin fallayen ya saki. Waɗannan ba fiffike ba ne amma ciwon ɗaya ne. Na fiffike ma akwai, a 2018 a Florida fiffiken wani ƙaramin Piper na koyon tuƙi ya cire jim kaɗan bayan tashi, mutum biyu suka rasu, tsagar gajiya ce daga ramin noti a ƙashin bayan.

Ko Van's, kamfanin da ya fi kowa sayar da kayan haɗa jirgi a gida, wanda jiragensa sama da 10,000 suka tashi, ya shiga matsala a 2023 da aka gano wasu sassan da aka huda da leza na tsagewa a bakin rami in an lotsa su, kuma wannan na cikin abubuwan da suka kai shi neman kariyar kotu daga masu bin bashi a Disambar shekarar. Bakin rami kawai fa.

An taɓa yin wannan aikin a Kaduna

Masu cewa wai ba aikinmu ba ne su san wannan. Jirgin koyon tuƙi na sojan saman Najeriya da ake kira Air Beetle, asalinsa RV-6A ne na Van's, irin wanda mutane ke haɗawa a garejin gidajensu a Amurka. Guda 60 aka haɗa a Kaduna, kamfanin AIEP ne ya yi aikin, na farkon ya tashi a 1989, kuma matuƙan soja da yawa a kansa suka fara koyo kafin daga baya a sayo Super Mushshak daga Pakistan. Wato irin wannan bugun ribit ɗin an yi shi a arewa, a garin da motar haya ke kai mu cikin yini guda. Ga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tun 1964 tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi, ga AFIT, cibiyar fasaha ta sojan sama, a Kaduna.

A Amurka ma da ake misali da ita ba sakin mutane aka yi kara zube ba. Ƙungiyar masu haɗa jirgi a gida ta EAA da Paul Poberezny ya kafa a 1953 na da tsofaffin hannu da ke zuwa su duba aikin mutum kafin ya rufe fiffike, dokar ƙasar kuma ta ce mai haɗawa ya yi fiye da rabin aikin da kansa don koyo ko sha'awa, hukuma ta duba jirgin, sannan ya yi awa 25 ko 40 na gwaji a keɓaɓɓen wuri ba fasinja. Kuma yawancinsu ba su ke zana jirgin ba, zanen da aka gwada suke bi.

To ina ya kamata taimakon ya tafi

Masu cewa a ƙarfafa wa yaran gwiwa suna da gaskiya, yaron da ya kalli jirgi na sauka a filin Umaru Musa 'Yar'adua ya koma gida ya fitar da siffarsa da tarkace ba ƙaramar ƙwaƙwalwa gare shi ba, kuma dariyar da ake masu na ƙona mani rai. Masu tsoro ma suna da gaskiya, jirgin da ya faɗo a unguwa ba matuƙin kaɗai zai kashe ba, kuma a doka ba jirgin da ke tashi da mutum a ƙasar nan sai da rajista da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama. Inda nake ganin ana kuskure shine irin taimakon, wani babba ya kira yaro ya ba shi kuɗi a ɗauki hoto a ce je ka ƙarasa, alhali fiffiken nan na kwano da ribit ɗin taga ba kuɗin da zai mayar dashi abin tashi, ƙarin kuɗin ma injin da ya fi ƙarfi zai saya masa, wanda zai iya ɗaga shi sama sosai yadda faɗowar za ta zama ajali.

Akwai tsada, ba a ɓoye wannan. Fallen 2024 da ribit na AN da kiliko da bindiga duk daga waje suke zuwa da dala, ba abin da ɗan talaka zai saya shi kaɗai ba ne. Amma makaranta na iya saye. Muna da Hassan Usman Katsina Polytechnic, muna da kwalejin fasaha ta tarayya a Daura da jami'ar sufuri, ga ƙauyen koyon sana'a na matasa a Katsina. Kayan aiki saiti ɗaya da malami ɗaya da ya taɓa aikin fallen jirgi, ko da tsohon sojan sama ne mai ritaya, sun isa a fara. Kuma ba da jirgi ake farawa ba, Van's ɗin ma na sayar da ƙaramin kayan gwaji, akwatin kayan aiki da guntun fiffike, don mutum ya ɓata ribit ɗinsa a can tukuna. Yaro ya haɗa guntun fiffike, a duba kowane kai da geji, a cire marasa kyau, ya sake. In ya kai ga cikakken fiffike a gwada shi a ƙasa yadda masu zane ke yi, a kifa shi a ɗaure gindinsa a jera masa buhunan yashi har nauyin da aka lissafa, a auna yadda ya lanƙwasa da ko ya dawo daidai bayan an sauke. Wanda ya karye a nan asarar falle aka yi da ribit, sai a duba ta inda ya fara a gyara zanen. Shi kuwa yaron, hannun da ya iya wannan aikin shi ake nema a wuraren gyaran jirage a Kano da Abuja da Legas, ko da bai taɓa tashi da nasa ba.